Ɗaurin da Na Kwance a Hanyar Danchuwa

Da sunan Allah, wanda ba a ɓoye masa komai, nake shiga wannan babi da na daɗe ina kewayewa kamar yadda matafiyi ke kewaye rijiyar da ta rufta. Babukan da suka gabata na rubuta su cikin sauƙi, domin labarin ƙuruciya ne da na makaranta da na aiki, babu abin sunkuyar da kai a cikinsu. Wannan kuwa na ɗauki alƙalami dominsa ya fi sau goma ina ajiyewa. Ku 'ya'yana, da ku jikokina 'ya'yan marigayi Babagana, an ba ku labarin rasuwarsa iri guda, kun girma da shi, kun kuma daina gaida wani bawan Allah saboda shi. Ni ne tushen wannan labari, kuma ƙarya ne. Ku yi haƙuri ku bi ni a hankali, domin tsoho idan zai tona asirin kansa sai ya faro daga nesa.

Shekara talatin da biyar na yi ina ɗibar jini a ɗakin gwaji na asibiti kafin in yi ritaya. Mutanen gari suna kirana Malam Bukar na asibiti, na ƙauye kuwa Dakta suke ce mini, ban kuma taɓa gyara musu ba. Babban abin aikina wata 'yar roba ce mai tsawon kamu guda da nake ratayawa a wuya kamar carbi. Wanda ya koya mana aikin wani dattijo ne da ya yi zamani da Turawa, kullum da rula a hannunsa, kuma da wannan rula ya dasa mana ƙa'idojin roba a bayan yatsunmu. Ka ɗaura ta yatsu huɗu sama da lanƙwasar hannu. Kada ka matse har bugun jini ya ɓace a wuyan hannu, domin so kake jini ya shiga hannun ya kasa komawa, jijiya ta cika ta taso. Kada ɗaurin ya wuce minti guda, in ya wuce jinin da ka ɗiba ya ɓaci, sakamakon gwaji ya yi maka ƙarya. Da jini ya leƙo cikin sirinji ka kwance, kuma ko da wasa kada ka zare allura roba tana ɗaure.

"Kwance! Kwance!" haka yake daka mana tsawa. "Ɗauri kowane jaki ya iya. Ma'aikaci da kwancewa ake gane shi."

Na riƙe wannan magana fiye da yadda na riƙe karatun allo. A tsawon aikina ban taɓa barin hannun mutum ya kumbura ba. Matan da jijiyarsu ke ɓuya sukan zauna a benci su ƙi kowa, su ce sai Malam Bukar ya dawo daga salla. Na san akwai yabon kai a cikin faɗin haka, amma ina so ku gane irin hannun da nake da shi, hannun da ya kwance roba har ya zama yana kwancewa kafin zuciya ta ba shi umarni. Shi dai wannan dattijo ya ba mu darasi guda a kan zubar jini mai yawa, irin na sara ko haɗarin mota. Ya ce a ɗaure gaɓar sama da raunin, amma duk bayan minti goma sha biyar a sassauta jini ya ɗan zaga, in ba haka ba gaɓar za ta mutu, kuma wanda ya ɗaure shi ya kashe ta. Na rubuta a littafina, na ja layi da jar tawada, na ci jarrabawa da shi na zo na ɗaya. Haka ake koyarwa a wancan zamani, dattijon ba shi da laifi, Allah ya jiƙansa. Nawa laifin shi ne na rufe littafin na ɗauka ilmi ya tsaya a inda na tsaya.

'Yata Falmata, wadda ta bi sawuna ta zama nas, ta taɓa ƙoƙarin gyara mini. Wata rana bayan la'asar muna tsakar gida, mahaifiyarsu Hajiya Yagana tana tankaɗe, hira ta kai mu ga wannan batu.

"Baba, ai yanzu an bar wancan," in ji Falmata. "In an ɗaure, an ɗaure ke nan sai a gaban likita. Kowace sassautawa jini ake zubarwa, wanda ya fara daskarewa a bakin raunin kuma ya wanke. Ƙafa tana iya jure awa biyu a ɗaure, amma mutum ba ya jure ƙarewar jini."

"Falmata," na ce, "lokacin da na ci jarrabawar nan uwarki ko zance ba a fara zuwa wurinta ba."

Hajiya ta yi dariya ta ce, "To, Dakta ƙarama, kin dai ji Dakta babba." Falmata ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tsintar shinkafa, maganar ta mutu a nan.

Sai kuma Sale. Ku jikokina kun san shi da "mutumin nan na Bolewa", wato unguwarsu, domin an hana ambaton sunansa a gidan nan. Sale mahauci ne ɗan mahauci, sa'an mahaifinku, a kwano ɗaya suka ci tuwo a zaurena tun ba su iya wanke hannu ba. Bai wuce aji huɗu na firamare ba. Da suka girma Babagana ya zama dillali a Kasuwar Shanu, Sale ya gaji wuƙar ubansa, suka zama kamar hanta da jini. A shekarun da garinmu Potiskum ya sha tashin hankali, lokacin da mutum ke fita kasuwa iyalinsa ba su da tabbacin dawowarsa, wasu ma'aikatan agaji suka tara direbobi da mahauta da masu lodi suka koya musu taimakon gaggawa na kwana uku. Sale yana cikinsu. Ya zo zaurena da murnarsa yana nuna mini yadda ake murɗa sanda a cikin ƙyalle.

"Kwana uku!" na ce. "Sale, mu shekara uku muka yi kafin a bar mu mu taɓa auduga."

Babagana ya kwashe da dariya. "Ka ji ko, Dakta Sale, likitan awaki? Kai da duk wanda ya shigo hannunka ba ya tashi."

"Kai dai rufe baki, dillali," in ji Sale. "Ba kai ka sayar da makauniyar saniya ka rantse kunya ce ta sa take kallon ƙasa ba?"

Shekarar da abin ya faru Babbar Salla ta faɗo cikin damina. Saura kwana goma, Babagana ya ji labarin wani bijimi a wata ruga can bayan Danchuwa. Ya ɗauki motar a-kori-kura da direbanta, ya ɗauki Sale don ya duba masa nama, ni kuma na bi su domin in leƙa gonata da ke kan hanya. Da hantsi muka isa. Aka yi ciniki cikin raha, Bafillacen mai bijimin yana ta tsokanar Babagana irin wasan da ke tsakaninsu da mu Barebari, wai me bawa ya sani game da saniya. Aka sa igiya, aka jingina katako a bayan mota, ana jan bijimin ya hau. An yi ruwa da asuba, katakon da santsi. Ƙafar bijimin ta zame, ya firgita, ya juya kai sau ɗaya tak. Ban ga shigar ƙahon ba. Na dai ga Babagana zaune cikin laka yana kallon cinyarsa da mamaki, jini ja wur yana tsartuwa daga saman gwiwarsa, yana tashi yana sauka tare da bugun zuciyarsa.

Ni da na ga jini kowace safiya tsawon rayuwata, tsayawa na yi kamar an dasa ni. Jinin da na sani mai ladabi ne, baƙi-baƙi, yana hawa sirinji a hankali. Wannan ban san shi ba. Sale ne ya motsa. Ya fizge hiramin da ke kafaɗata, ko izini bai nema ba, ya ninke shi faɗin tafin hannu, ya zagaya cinyar sau biyu can sama da raunin, ya ƙulla. Ya zaro ƙarfen wasa wuƙarsa daga ƙugu, ya aza a kan ƙullin ya sake ƙullawa, ya shiga murɗawa. Babagana ya yi wata ƙara da ban taɓa ji daga bakinsa ba tun yana jariri. Sale bai saurara ba, ya yi ta murɗawa har tsartuwar ta koma ɗiga, ɗigar ta tsaya cak. Ya kama ƙarfen da bakin hiramin don kada ya warware, sannan ya juyo gare ni.

"Baba, ƙarfe nawa?"

"Goma da minti ashirin."

Ya karɓi biro a wurin direba ya rubuta lokacin a ƙaurin Babagana, da rubutunsa na 'yan aji huɗu.

"Shi ke nan. Kada kowa ya taɓa sai likita. Ko ya yi kuka, ko ya zage mu, kada a taɓa. Haka aka ce mana."

Allah ya sani, abin da ya fara zuwa zuciyata ba godiya ba ce. Abin da ya zo shi ne, a gaban Fulani da direba mahauci ya tuɓe mini hirami, yana kuma ba ni umarni a kan jini.

Muka bar bijimin, muka kwantar da Babagana a bayan motar, kansa bisa cinyata. Hanyar duk ta jiƙe, direba yana ta kokawa da sitiyari. Ba mu yi nisa ba muka faɗa wani kwari, tayoyin baya suka nutse. Sale ya dira ya kira wasu manoma, suka shiga turi, ya rage daga ni sai ɗana a sama. Gumi ya wanke masa fuska, yana cizon leɓe.

"Baba, ƙafata ta mutu. Ba na jin yatsuna. Ka sassauta mini kaɗan don Allah, ai kai ne ka sani."

Na duba agogo, minti goma sha biyar sun cika har sun gota. Na taɓa idon sawunsa, babu bugu, ƙafar ta yi sanyi ta fara sauya launi. Jan layin littafina ya tsaya mini a ido, muryar dattijon nan mai rula ta cika mini kunne. Na warware bakin hiramin, na mayar da ƙarfen baya zagaye biyu. Babagana ya sauke numfashi ya ce, "Alhamdu lillahi, sannu Baba." Jinin ya dawo, da fari a hankali, daga baya da ƙarfinsa. Na ƙirga minti guda kamar yadda aka koya mini, na sake murɗawa. Sai dai na murɗa ne da hannun mai ɗibar jini. Na tsaya daidai inda nake ɗan jin bugu a idon sawunsa, har na ji daɗin haka, na ce a raina ƙafar ɗana tana raye. Sabo turken wawa. Ni ne fa na shekara da shekaru ina gaya wa sababbin ma'aikata amfanin irin wannan ɗauri, cewa jini ya shiga ya kasa komawa. Ya shiga ɗin kuwa, ya kasa komawa, sai ya bi ƙofar da ƙaho ya buɗe masa. Na cire babbar rigata na rufe cinyar saboda ƙudaje.

Motar ta fita, Sale ya hau jikinsa duk laka, yana haki. Mun ɗan taɓa tafiya sai na ga ya ƙura wa daɓen motar ido, inda wani jan zare ke gangarawa yana cakuɗuwa da kashin shanu. Ya ɗaga rigar.

"Inna lillahi! Baba, wa ya taɓa?"

"Ni na taɓa. Ƙa'ida ce."

"Baba, don girman Allah bari in mayar. An ce mana ko da..."

"An ce muku! Su wa? Kai Sale, jinin da kake zubarwa a kwata ka sani. Jinin mai rai aikina ne tun ba a haife ka ba. So kake a yanke wa ɗana ƙafa?"

"Baba, ai gara ƙafa da..."

"Cire hannunka daga jikin ɗana."

Ya cire. Wannan shi ne abin da ke ci mini rai har yau. Da baƙo ne, da ya ture ni gefe ya yi abin da ya sani, da yanzu Babagana yana nan ko da ƙafa ɗaya. Amma Sale a zaurena ya tashi, ni na koya masa cewa yaro ba ya mayar wa babba magana. Tarbiyyar da nake tinƙaho da ita ce ta riƙe masa hannu. Ya koma ƙarshen mota ya tsuguna, hawaye suna wanke lakar fuskarsa. Da wasu minti goma sha biyar suka cika na sake sassautawa, ina duban agogo, a tsanake, kamar mai aiki a gaban mai jarrabawa.

Daga nan Babagana ya daina kuka da ƙafar. Ya ce yana jin ƙishirwa, ya ce yana jin sanyi, alhali rana ta take. Na ɗauka sauƙi ne ke zuwa. Ya ɗan buɗe ido ya nemi abokinsa.

"Dakta Sale, kada ka bar bijimin nan ya sha. Kai za ka yanka shi."

"Ni da kai za mu ci tsirensa, dillali," in ji Sale.

Tayoyinmu suna hawa kwalta, gidajen Potiskum sun fara bayyana, na ji kansa ya yi nauyi a cinyata. Na yi aiki a asibiti, na san wannan nauyi. Muka isa asibiti. A ranar Falmata tana bakin aiki, ta fito da gudu tare da likita. Suka yi abin da za su iya, babu jinin da ya rage da za a yi aiki da shi. Bayan likita ya yi mana ta'aziyya ya fita, na ga Falmata ta karanta lokacin da ke rubuce a ƙaurin ɗan'uwanta, ta dubi agogon bango, sannan ta zura yatsu biyu ƙarƙashin hiramin. Suka shige ba tare da wahala ba. Ta ɗago ta dube ni.

Ranar sadakar uku zaure ya cika, tabarmi har waje. Sale yana bakin ƙofa, shi ke cika wa mutane butoci tun ranar farko. Sai maƙwabcinmu Alhaji Kyari, wanda yana cikin waɗanda suka yi wa mamacin wanka, ya gyara murya.

"Ni fa na ga cinyar yaron nan. Shatin ɗaurin ya nutse cikin nama kamar an ɗaure bakin buhu. Wannan ko lafiyayye aka yi wa ai sai jini ya haye masa zuciya. Malam Bukar, kai ne masani, ko ba haka ba?"

Kowa ya zuba mini ido. Kalma uku ce ta rage mini in faɗa: ni na kwance. Na dubi fuskokin nan da suka shekara suna miƙo mini hannuwansu da amana, na ji ba zan iya ba. Ga abin da na ce, ban manta ko harafi ba:

"To, Alhaji, ɗaurin jijiya ba aikin kowa ba ne. Amma kwana ya ƙare, sai haƙuri."

Ban ambaci sunan kowa ba, da wannan na riƙa lallashin kaina shekaru. Sale ya ajiye butar da ke hannunsa a hankali, ya sa takalmansa ya tafi. Kafin sadakar bakwai magana ta game unguwa ta isa kasuwa, cewa mahauci ya yi karambanin likitanci ya kashe abokinsa, kuma Malam Bukar da bakinsa ya tabbatar. Hajiya Yagana ta rantse naman Sale ba zai sake shiga tukunyarta ba. Ku jikokina, mahaifiyarku ta hana ku bin layinsu. Masu sayen namansa suka janye ɗaya bayan ɗaya, har ya bar rumfarsa ta kasuwa ya koma kafa tebur a bakin lungu. Ina ji, ina gani, ina karɓar gaisuwa.

Bayan arba'in Falmata ta shigo ɗakina da hiramin, ta wanke shi ta ninke, ƙarfen Sale a bisa. Ta durƙusa ta ajiye a gabana.

"Baba, yatsuna biyu sun shiga ƙarƙashin ɗaurin nan. Sale ba zai ɗaura haka ba, na san yadda aka koya musu. Wa ya taɓa?"

"Yanzu ke ce za ki yi mini jarrabawa a cikin gidana?"

"Ba jarrabawa ba ce, Baba. Ana zagin bawan Allah a gari."

"Tashi ki ba ni wuri."

Ta tashi. Tun daga ranar ba ta fasa gaishe ni ba, ba ta fasa kawo mini maganin hawan jini ba, amma ba ta sake zama ta ba ni labarin wurin aiki ba, ita da a da ba ta cire takalmi sai ta faɗa mini wanda jijiyarsa ta ba ta wahala.

Da abin ya tsaya a nan, da wataƙila na tafi da shi kabari. Shekara huɗu bayan haka, wata Laraba ranar kasuwa, Falmata ta shigo da la'asar ko farin kayanta ba ta cire ba. Ina kan kujerata da rediyo. Ta tsaya a tsakar gida tana magana da mahaifiyarta, da murya daidai yadda zan ji.

"Hajiya, yau an kawo mana wani Buba, mai lodin shanu, 'ya'yansa biyar. Ƙarfen tirela ne ya yanke shi a cinya. Wani direba ya ciro ƙyalle zai ɗaure, mutane suka riƙe shi, suka ce kada ya kuskura, haka aka kashe ɗan Malam Bukar. Suka yi ta cusa masa tsumma da ƙasa. An ce Sale ya taho da gudu, da ya ji abin da ake faɗa sai ya tsaya."

"Allah sarki," in ji Hajiya. "Gara da ya tsaya, mai mugun hannu."

"Kafin a fito da shi daga cikin tireloli ya cika," Falmata ta ƙarasa. Ko sau ɗaya ba ta dubi inda nake ba. Ni kuwa na ƙara muryar rediyo.

Game da Babagana ina iya cewa ban sani ba, ko da yake an gaya mini har sau biyu na ƙi ji. Game da Buba, wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba, ba ni da abin cewa. Daga kan kujerata na kashe shi, da jumla guda da na furta a zaure shekara huɗu kafin ranarsa. Duk da haka na sake yin shiru. Hajiya Yagana ta rasu tana ƙin Sale, tana yi mini addu'a a matsayin uban da ya yi iyakar ƙoƙarinsa, na kuwa bar ta ta tafi a haka.

Bara, bayan rasuwarta, na naɗe ƙarfen cikin hiramin na tafi Bolewa da hantsi. Na tarar da Sale a bayan teburinsa yana korar ƙuda daga 'yan tsokoki kaɗan, furfura ta cika masa gemu, shi da ko hamsin bai kai ba. Da ya gan ni ya goge hannu, ya jawo mini benci, ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, kai ne da kanka? Ina ƙarfin jiki? Ya ƙarin haƙurinmu?"

Na miƙa masa ƙunshin. Ya buɗe, ya daɗe yana juya ƙarfen a hannunsa.

"Sale, na zo in ce maka ni ne."

"Na sani, Baba. Ai ina wurin."

"Me ya hana ka faɗa?"

"In faɗa wa wa? Maganar mahauci da ta Dakta? Kuma Hajiya ta rasa ɗa. In na faɗa, ta rasa miji."

"Ka yafe mini."

"Nawa na yafe tuntuni, Baba, tuwon gidanka ne a jikina. Ni ma ina da nawa laifin, da na ture ka ranar nan. Kullum sai na ture ka a zuciyata, amma a makare. Na Buba kuwa ba ni ke da shi ba balle in yafe. Har gobe in mutum ya yanke a kasuwa ba mai ɗaure shi. Inda aka ji maganarka, a can za ka warware ta. Ka zo rumfar mahauta ranar Laraba, ni zan tara maka su."

Na ce zan zo. Na kuwa je, sau uku, Laraba uku a jere. Kowane zuwa, da keke napep ya sauke ni a bakin kasuwa sai wani ya hango ni ya taho da sauri. "Dakta! Allah ya ja kwana, Dakta!" Ya kama hannuna da hannu biyu, ya naɗe hannun rigarsa yana nuna wa abokansa inda na taɓa ɗibar jininsa ko zafi bai ji ba. Sai in amsa gaisuwa, in tambayi iyali, in ce wa mai napep ya juya. Na ji labari Larabar farko Sale ya tara su har azahar suna jirana. Bai aiko ya tambayi dalili ba. Yanzu ƙafafuna sun ƙi, ko zaure sai an riƙe ni.

Saboda haka ga abin da na bar muku. Robar ɗibar jini da ɗaurin tsayar da jini sunansu ɗaya, aikinsu kishiyar juna ne. Ta farko sassauƙa ce, minti guda, a kwance. Na biyu, idan jini yana tsartuwa daga hannu ko ƙafa kuma dannawa ta kasa tsayar da shi, a sami ƙyalle mai faɗi, a ɗaura sama da raunin, a murɗa har jinin ya tsaya cak, a rubuta lokaci, a nufi asibiti. Mai raunin zai yi kuka, zai roƙe ku da Allah, zai kira ku da sunan da ya fi taɓa muku zuciya. Kada ku kwance. Duk abin da Sale ya yi a ranar nan daidai ne, ya riga ya ceci mahaifinku kafin in sa hannu. Kai Abba jikana, mai sunana, kai ne babba: ka ɗauki ƙannenka ku je Bolewa ku durƙusa ku gaishe shi, ku kira shi Baba. Ke kuma Falmata, ki kai wannan babi rumfar mahauta a karanta shi da ƙarfi, a nemo iyalan Buba su ji. Allah ya jiƙan Babagana, Allah ya jiƙan Buba. Ni ban san da wace fuska zan roƙa wa kaina ba.

Na gama rubutun nan ranar Litinin, na sa shi a ambulan, na rubuta a bayansa: a buɗe bayan raina. Da yamma Falmata ta zo auna ni. Ta naɗa mini abin awo a dantse tana matsa iska, yana ƙara kama ni, idonta ya sauka a kan ambulan. Na ce ta buɗe, ita kaɗai. Ta karanta a tsaye har ƙarshe, ta mayar da takardun, ta daɗe tana kallon abin da na rubuta a baya. Sannan ta sassauta abin awon, ta ajiye mini biro a kan ambulan.

"Baba," ta ce, "Laraba jibi ce."

Yau Alhamis. Biron yana inda ta ajiye shi, rubutun bayan ambulan kuma yana nan yadda yake.